Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamitin tafiyar 'yan badujala Jamus: ku zauna da iyaye tun kuɗi bai yi nisa ba

Zuwa ga Hedimasta, da Mastan badujala, da Alhazai da Hajiyoyin da ke cikin kwamitin iyaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina taya ku murnar gayyatar da makarantarmu ta samu. Ba ƙaramin abu ba ne a ce yaran Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line, unguwanninmu na Kumasi, za su ɗauki begila da ganga su je su busa taken Gana a ƙasar Jamus. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Gana, ya san gumin da yaran nan suke zubarwa. Masta, Allah ya saka maka da alheri, kiɗa kam ya zauna. Abin da bai zauna ba shi ne sauran tafiyar. An shirya yara hawa dandali, amma ba a shirya su zaman baƙunci ba, iyayensu kuwa ba a ce musu komai ba sai "ku kawo".

Abin da ya iso gidajenmu zuwa yau takarda ce guda da Turanci, ɗauke da jimillar kuɗi, da ranakun biya, da lambar MoMo ta tura kuɗi ta waya. A gidaje da dama wadda za ta biya kuɗin nan uwa ce mai koko da ƙosai, ko mai rumfa a kasuwar Kejetia, ko kaka da za ta kwashi adashinta tun lokaci bai yi ba. Ɗan nata ne zai karanta mata takardar, kuma yaron da ke ɗokin shiga jirgi ba zai karanta layin da zai sa a hana shi ba. Shi ya sa na rubuta da Hausa, na kuma sa ta a fili. Hedimasta ya yi haƙuri, akwai malamai a ofishinsa da za su juya masa ita. Na zauna a Jamus kafin Allah ya dawo da ni gida, 'yata kuma tana cikin masu busa, don haka maganar ta shafe ni ta ko'ina.

Roƙona ɗaya ne, sauran duk rassansa ne. Ku kira taro kafin ranar biyan kashi na biyu, ranar Lahadi bayan la'asar, a yi shi da Hausa da Tuwi, iyaye mata a gaba, yara a zaune suna ji. Abin da aka faɗa a naɗe shi da murya a tura ta WhatsApp saboda waɗanda kasuwa ta riƙe. A wurin kuma a ɗaga wa kowa takardar gayyatar da ta izinin Hukumar Ilimi ta Gana, ya gani da idonsa.

Tunda da kuɗi kuka fara, mu ma da shi za mu fara. Kun ba mu jimilla a dunƙule, ku warware mana ita. Nawa ne tikiti, nawa ne masauki da abinci, nawa ne inshora, nawa ne motar Akara, wadda za a shiga ranar ɗaukar yatsu don biza a sake shiga ranar tashi? Kuɗin malaman rakiya wa ke ɗauka? In a kan iyaye aka raba shi, ba laifi ba ne, amma a faɗa. Sannan da sidi kuka yi lissafi ko da yuro? A watan Nuwamba na 2024 dala ta haura sidi 16, zuwa tsakiyar 2025 ta sauko kusa da 10. Kuɗin da ke irin wannan lilo, dole a san tun yau wa zai cike giɓi in ya faɗi, ina kuma rarar za ta je in ya tashi. Kuɗin jama'a kuma bai kamata ya kwana a wayar mutum ɗaya ba, ko da waliyyi ne. A buɗe asusu a banki, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, duk wanda ya biya a ba shi rasit. Wannan kariya ce ga mai riƙon kafin ma ta zama kariya ga iyaye, domin kun san bakin unguwarmu.

Babbar tambayar ita ce, in tafiya ta fasa, wane kuɗi ne zai dawo, wanne ne kuma ya tafi ke nan? A 2023 da 2024, fiye da kashi 40 cikin 100 na takardun neman bizar Shengen (wadda ake shiga Jamus da yawancin ƙasashen Turai da ita) da aka shigar daga Gana, hana su aka yi. Takardar gayyata tana taimakawa, amma ba ta ɗaure hannun jami'in biza ba, yana iya ba wa talatin ya hana biyar. Kuɗin bizar yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024, ba a kuma mayar wa wanda aka hana. Dokar biza ta Tarayyar Turai ta yafe shi ga ɗalibai da malaman da ke raka su in tafiyar ta karatu ce ko horo, don haka ku rubuta wa ofishin jakadancin Jamus ku ji ko tamu ta shiga sahun, kafin ku karɓi wannan kuɗi a hannun kowa. Ku kuma sani, tun ranar 1 ga Yuli 2025 Jamus ta rufe ƙofar kai ƙorafi ofishin jakadanci ga wanda aka hana. Abin da ya rage masa sai ya sake nema daga farko, ko ya shigar da ƙara kotu a Barlin, wanda ba aikin mai sayar da koko ba ne. Kada a yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida, amsa takan fito cikin kwana 15, tana kuma iya kaiwa 45, ga cunkoson masu nema lokacin dogon hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kan takardu ne nake jin tsoron za mu rasa yara tun ba a je Akara ba, kuma mu mutanen zango mun fi kowa sanin dalili. Yaro ɗaya, suna uku. Ranar suna aka raɗa masa Abdurrahman, a takardar haihuwa aka rubuta Abdul Rahman, malamin firamare ya rubuta Raman, a satifiket ɗin BECE na gama ƙaramar sakandare kuma sunan kawun da ya kai shi makaranta ne a mazaunin sunan uba. Yarinya Fatima ce a katin asibiti, Fati a rajistar aji, Ladi a gida. Ranar haihuwa ma haka, wata a katin Gana, wata a katin inshorar lafiya, domin ranar da aka tambaya sai aka kintata. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne. A wurin jami'in biza mutum biyu ne, ko kuma mai ƙarya guda. Gyaran yana bi ta takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a gazet ɗin gwamnati, kuma ba aikin mako ɗaya ba ne. Ku ware malami ɗaya da mutum biyu cikin iyaye su zauna da takardun kowane yaro, su bi su harafi bayan harafi, a cikin wannan watan.

Sai maganar riƙo. Yara nawa ne cikin badujalar nan suke hannun gwaggo ko kaka ko yayan uba? A dokar Gana duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, ofishin jakadanci kuma zai nemi amincewar uwa da uba a rubuce, ba ta mai ciyarwa ba. Uban wani yana Saudiyya, na wani yana Italiya, wani an rabu da uwarsa ba a ko gaisawa. Wanda ya rasu kuwa za a ce a kawo takardar rasuwa, mu ko mukan yi jana'iza a ranar, mu yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ba wanda ya tuna da ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Duk ana iya warware waɗannan, amma sai an san da su da wuri. A tambayi kowane gida cikin sirri, ba a bainar jama'a ba, domin akwai yaron da bai ma san ba mahaifiyarsa ce ke riƙonsa ba.

Fasfo ma kowa ya nema da kansa ta intanet, ko kwamiti ya taimaka a cike, a rabu da 'yan goro masu cewa za su fito da shi cikin kwana uku. Mun san irin tambayar da mai sunan Hausa kan sha a kan asalinsa, don haka a je da shiri: katin Gana na iyaye, da duk wata tsohuwar takarda ta kakanni. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda ɗaya cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne, shi ma ɗan Gana ne, ba alfarma ake yi masa ba. Masu tsohon fasfo su duba, sai ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai ba.

Yanzu ga maganar da ake yi a shagon shayi ba a yi a taro. Tun da labarin tafiyar nan ya fita, na san an fara sallama a gidajenku da daddare. Wannan yana da ƙane da ya gama makaranta yana zaune, a sa shi a matsayin mai ɗaukar ganga. Wancan zai biya kuɗin yara uku in aka rubuta shi malamin rakiya. Wani babba ne da ake jin nauyinsa. Iyayena, ina roƙonku don Allah, kada ku ƙara suna ko ɗaya. A 2014, lokacin gasar cin kofin duniya a Barazil, 'yan Gana kusan 200 da suka shiga da bizar baƙi sun nemi mafaka, suna cewa su Musulmi ne da rikicin addini ya koro. Gwamnati ta fito ta ƙaryata, kuma gaskiyarta, ba wani yaƙin addini a ƙasar nan, amma da sunanmu aka yi cinikin. A 2018, lokacin wasannin Kwamanwel a Ostireliya, an juyo da gomman 'yan Gana da suka je da sunan 'yan jarida alhali ba su san aikin ba. Ofisoshin jakadanci ba sa mantuwa da irin wannan. Shi ya sa yau yarinya 'yar shekara 16 mai busa sarewa take shan tambaya kamar mai laifi. Mutum ɗaya ɗan shekara 27 cikin jerin 'yan sakandare ya isa ya sa a yi shakkar jerin gaba ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Maganin abin a hannun Masta yake. A kafe jerin sunayen a allon makaranta, a karanta shi a taro. Duk wanda aka rubuta a matsayin makaɗi, a miƙa masa abin busarsa ya busa taken ƙasa a gaban iyaye. Duk wanda aka rubuta malami, yara su shaida ajin da yake koyarwa. In an yi haka, kun sami abin faɗa wa mai sallamar dare ba tare da kun ɓata da shi ba: jerin ya riga ya fita daga hannunku.

Mu iyaye ma da namu. Akwai wanda zai ja ɗansa gefe ranar tashi ya ce masa, in ka ga hanya, kawunka na Hambog zai zo ya ɗauke ka. Ban raina halin da ke sa uba ya faɗi haka ba, duk muna ganin samari da satifiket suna tuƙa firagiya, babur mai ƙafa uku. Amma a faɗa wa irin wannan uba abin da ke jiran ɗansa. Duk wanda ya kai shekara 12 sai an ɗauki yatsunsa kafin a ba shi biza, kuma duk ƙasashen Shengen suna ganin su a na'urarsu, ko ya yaga fasfo ya canja suna. Tun 1993 Jamus ta sa Gana cikin jerin ƙasashen da take ɗauka ana zaune lafiya, ma'ana ɗan Gana mai neman mafaka da wuya ƙwarai a ba shi. Yaron da ya ɓace, 'yan sanda za su neme shi, hukumar kula da yara ta karɓe shi, kawun da ya ɓoye shi ya jefa takardunsa cikin hatsari, malamin da ya sa hannu a kansa ya dawo da kunya, Jamusawan da suka gayyace mu su rufe ƙofa. Ƙannensa da ke aji ɗaya yanzu suna koyon riƙe begila, an gama da tasu tafiyar tun ba su san da ita ba. Alhali fasfon da aka ga an shiga an fito kan lokaci shi ke buɗe wa yaro hanya gobe, ga shi yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa. Wannan magana a yi ta a gaban yara, da babbar murya, liman na zaune. 'Yan uwa na can da ke son ganin yara su zo wurin wasa ko masauki, su gaisa a gaban malami. Ba fita yini, ba kwana. Fasfo kuma ya zauna a jakar malami, kowane yaro ya riƙe kwafi.

Haka batun saƙo. Ranar da aka ji za a tashi, rabin unguwa za ta kawo ƙunshi a kai wa wane. Kada yaro ya ɗauki abin da ba a gaban uwarsa aka ɗaure ba, ko daga hannun wa ya fito. Abin da aka samu a jakarka naka ne, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ta fid da kowa a filin jirgi.

Iyayen 'yan mata suna da tambayar da ba su yi muku ba saboda kunya, ni bari in yi. Malamai mata nawa ne za su je, su wane ne? Ina yara za su kwana, ɗakin mata yana ina, na maza yana ina, wa ke riƙe da makulli? In gidajen Jamusawa za a rarraba su, kamar yadda akan yi a irin waɗannan ziyarce-ziyarce, a sa su bibbiyu, a ba iyaye adireshi da lambar waya, a kuma gaya wa yara da yawan gidajen akwai kare a falo, kada wata ta kurma ihu ta ba mai gida kunya. Yunifom ɗin 'yan mata, da hijabi da dogon wando, a sanar da masu gayyata tun yanzu. Wanda ya kawo maganar muharrami kada a yi masa kallon baƙauye. Ya je ya tambayi malaminsa, in zuciyarsa ba ta kwanta ba ya janye 'yarsa tun bai zuba kuɗi ba, ba tare da an yi da shi ba. Kowane yaro kuma, mace ko namiji, ya san babban da zai kai wa ƙara in wani ya taɓa shi ko ya yi masa maganar banza, ko da mai laifin cikin tawagarmu yake.

Salla za ta rikita su in ba a yi musu bayani ba. Nan Kumasi rana takan faɗi wajen ƙarfe shida da 'yan mintoci duk shekara. A Jamus cikin watan Yuli sai bayan tara na dare take faɗuwa, isha'i ta kai sha ɗaya ko fiye, alfijir ya keto wajen ƙarfe uku. Alƙibla ma ta juya: nan gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, can kuwa kudu maso gabas ce. A gayyato malami ya koya musu ƙasaru da haɗa salloli, ya kuma tuna musu cewa a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ya koma cika salla. Banɗakinsu ba buta, kowa ya tanadi 'yar gora, kuma ba a jiƙa ƙasa da ruwan alwala a fita a bar wa na baya.

Abinci kuma, naman alade shi ne naman yau da kullum a can, yana cikin tsiran nan nasu da ake sayarwa a kowane biki, sinadarinsa yana cikin alewa mai danƙo da yara ke so. A rubuta wa masu masauki adadin Musulmi tun yanzu, yara kuma su haddace kalmar Schwein don su gane ta a jikin kwali. Ga abin da iyaye da yawa ba su sani ba: a Jamus ɗan shekara 16 doka ta yarda ya sayi giya, bikin badujala kuwa a can da wuya a raba shi da rumfar giya. Ba wanda zai tambaye shi komai. Gara ya ji wannan daga bakin ubansa. Guzuri kuma a yi hattara, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da abin da aka yi da su, don haka kilishi da dambun nama da wagashi a kwandon shara za su ƙare, wataƙila har da tara. Gari da shito marar nama, a ɗaure da kyau a sa a babbar jaka. Za su neme su, domin abincin dare a gidan Bajamushe sau da yawa burodi ne da cuku mai sanyi.

Kan lafiya ina da magana ɗaya mai nauyi, wato sikila. A nan Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995, saboda haka gidaje da yawa sun san matsayin 'ya'yansu, sai dai ba a son faɗa. Uwa za ta ɓoye don kada a cire ɗanta. Ku tabbatar mata ba cire shi za a yi ba, shiri za a yi masa. Awa shida zuwa bakwai cikin jirgi, busasshiyar iska, ƙarancin shan ruwa, sanyin dare da gajiyar fareti, duk masu tayar da ciwon ne. Ya ga likita kafin tafiya, malami ya san maganinsa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a jakar hannu. Zazzaɓin cizon sauro kuma yana iya bin yaro daga gida ya tashi bayan an sauka, don haka duk wanda jikinsa ya yi zafi a gaya wa likita nan take daga Gana yake, domin ba shi ne farkon abin da zai zo wa likitan can a rai ba. Katin inshorar lafiyarmu bai tsallaka iyaka, wanda ake nema na tafiya ne mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000, kuma a karanta a ga ko ya haɗa da ciwon da mutum ke da shi tun da. Katin rigakafin shawara a binciko shi a ƙasan akwati. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, amma wanda zai yi sabuwa sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki.

Masta, kayan kiɗa fanninka ne, tuni kawai zan yi. Jaka ɗaya a jirgi yawanci kilo 23 ce, tuba da babbar ganga kuwa sun wuce awo, kuɗinsu daban. Ka roƙi masu gayyata su ara muku manyan a can, garin da ke shirya bikin badujala bai rasa tuba. Waɗanda za a tafi da su a rubuta lambar jikin kowanne, a ɗauki hoto, a nuna wa kwastan kafin fita don kada a ce sababbi ne ranar dawowa. Man shafa wa maɓallan ƙaho kada ya wuce mililita 100 a jakar hannu, batirin cajin waya kuma ba a sa shi a babbar jaka. Ƙaho in ya yi sanyi muryarsa kan sauka, Jamusawa kuma sukan ɗaure kayansu sama kaɗan da yadda muka saba, sai a kula in za a busa tare. Shawarata kuma, in ka yarda: kada a cika shirin da macin Turawa. Suna da masu busa shi a kowane ƙauye. Badujala ta shigo mana ta bakin teku ne, ta hannun sojoji a Kef Kos da Elmina tun ƙarni na 19, mutanen Fanti suka juya ta ta zama kiɗan adaha, daga nan ta shiga jinin kiɗan hailaif. Wannan ne ba su da shi. A kai musu shi, a haɗa da kalangu.

Sauran ƙanana ne, amma su ke sa yaro kuka a baƙon wuri. Agogonsu lokacin zafi yana gaban namu da awa biyu, iyaye su lura kafin su buga waya. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga. MoMo ba ya sayen ko ruwa. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke. Shiga jirgin ƙasa ko bas ba tikiti tarar yuro 60 ce, ba a kuma roƙon mai dubawa. Hanyar keke ba ta masu ƙafa ba ce. Daga goma na dare ba a hayaniya, balle gwada begila a ɗaki. Ƙarfe takwas kuma takwas take nufi. Kowane yaro ya rataya kati mai sunan masauki da lambar malami, ya san 112 ake kira in abu ya faru, kamar dai nan gida. A kuma tsayar da kuɗin aljihu daidai wa daida, kada ɗan mai hali ya riƙa zaro yuro ɗari a gaban wanda aka sayar da tunkiya don ya zo.

Wannan ya kawo ni kan yaran da ba za su je ba. Kowa ya san wasu cikin waɗanda suka fi iya busa su ne iyayensu ba su da ko kuɗin fasfo. In aka bar zaɓe a hannun aljihu, badujalar da za ta sauka Jamus ba ita ce aka gayyata ba. Ku rubuta wa Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, da majalisar Asokore Mampong, da ɗan majalisarmu, ku kai gaisuwa fadar Sarkin Zango, ku sa yaran su yi wasa a unguwa a zagaya da faranti. Abin da aka samu a faɗi adadinsa, a fara da marayu. Wanda kuma aka hana biza bayan ya yi wata da watanni yana atisaye, a san abin da za a ce masa da wanda zai je gidansu, kada ya ji labari a bakin abokai.

Kashi na biyu na kuɗin 'yata yana hannuna, ranar taro zan kawo shi da kaina in karɓi rasit. In kuna neman mai fassara a wurin, ko mai bi gida-gida tattara takardun haihuwa, ku rubuta sunana. Ku dai sanar da mu rana da wuri, don masu zuwa kasuwa su shirya.

Wassalam.

Naku,
mahaifin ɗaya daga cikin 'yan badujala,
Aboabo, Kumasi.